Lambar da ta ɗan haura, da likitan da ya ce "ba komai"

Idan aka tara mutum 100 masu ƙoshin lafiya, ba mai ko ciwon kai a cikinsu, aka ɗebi jininsu aka auna abu guda, za a samu kamar mutum 5 da takarda za ta ce sakamakonsu ya fita daga ƙa'ida. Inji bai yi kuskure ba, ma'aikaci bai yi sakaci ba, haka aka tsara abin tun asali. Lambobin nan biyu da ake bugawa a gefen sakamako, ta ƙasa da ta sama, galibi ana samo su ne ta hanyar auna jinin masu lafiya, a ɗauki kashi 95 cikin 100 da suka taru a tsakiya, a yanke kashi 2.5 na can ƙasa da kashi 2.5 na can sama. Waɗanda aka yanke ɗin lafiyarsu ƙalau. A gefe kawai halittarsu ta ajiye su, kamar mutumin da ya fi kowa tsawo a cikin taro, wanda ba mai cewa a kai shi asibiti don ya zarce jama'a.

To, yau wa ke auna abu guda? Takardar gwajin jini layi-layi take zuwa: jajayen ƙwayoyin jini da farare, aikin hanta, aikin ƙoda, gishirin jiki, suga, kitse, sai ka ga abu 20 ko fiye a shafi ɗaya. In kowane gwaji zai iya ɗora wa mai lafiya jar alama sau 5 cikin 100, kuma muka ɗauka kowanne zaman kansa yake yi, to wanda aka yi wa gwaji 20 yana da yiwuwar kusan kashi 64 cikin 100 ya ga aƙalla layi ɗaya ya fita. Wato ko a cikin masu lafiya garau, waɗanda takardarsu za ta fito fes ba tabo ba su kai rabi ba.

Wannan bayani bai fi minti ɗaya a yi shi ba, amma da wuya ka haɗu da wanda aka taɓa yi wa. Shi ya sa nake ganin miƙa wa mutum takarda mai harafin H (ya haura) ko L (ya yi ƙasa), ko tauraro, ko jan rubutu, ba tare da kalma ɗaya ta ƙarin haske ba, rabin aiki ne. Wanda ya kwana bai runtsa ba saboda lamba ɗaya bai yi laifi ba. Laifin yana wuyan tsarin da ya ƙware wajen aunawa ya bar bayani ba mai shi.

Da can hannun likita sakamako ke fara shiga. Yanzu a wurare da dama wayar mai shi yake fara faɗowa. A Amurka ma tun watan Afrilun 2021 doka ta hana asibitoci riƙe wa mutum sakamakonsa ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Sai mutum ya buɗe waya da tsakar dare ya ga ALT ɗinsa, wani sinadarin da ake auna lafiyar hanta da shi, ya kai 58, alhali an rubuta iyaka 40. Ya shiga intanet, abin da zai fara cin karo da shi dajin hanta ne da lalacewar hanta. Intanet ba ta yi masa ƙarya ba. Ta jero masa duk abin da zai iya kasancewa, ba ta kuma san shekarunsa ba, ba ta san maganin da yake sha ba, balle ta gaya masa wanne ya fi yiwuwa. Akwai masu cewa a koma yadda ake da, a ɓoye takarda sai likita ya gani. Ban yarda ba. Jininsa ne, haƙƙinsa ne ya gani. Abin da ya rasa bayani ne, ɓoye takardar kuwa ba zai ba shi bayanin ba.

Tsakanin hannun mutum da injin da ke aunawa akwai tafiya, kuma abubuwa na faruwa a hanya. Ɗauki fotasiyam, ɗaya daga cikin gishirin jiki. Mafi yawansa a cikin ƙwayoyin jiki yake zaune, ɗan kaɗan ne ke yawo a ruwan jini. In aka ɗaure damtse ya daɗe, ko mutum ya yi ta dunƙule hannu yana saki, ko jajayen ƙwayoyi suka fashe wajen zuƙo jinin, ko kwalbar ta daɗe a ajiye kafin a tace ta, sai fotasiyam ya tsiyayo waje, inji ya karanta shi a sama. Hawan fotasiyam na gaske yana iya rikita bugun zuciya, don haka likita ba ya wasa da shi, amma abin da yakan fara yi ga wanda ba shi da ciwon ƙoda kuma ba ya shan maganin da ke ɗaga shi shi ne a sake ɗiba. Haka ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, waɗanda ake kira filatilet. A jinin wasu mutane sukan dunƙule wuri ɗaya a cikin kwalba saboda sinadarin da aka zuba don hana jinin daskarewa, sai inji ya kasa ƙirga su ya ce sun yi ƙasa. Ana shafa jinin a gilashi a duba da madubin likita za a gan su curi-curi, ba inda suka je.

Shi kansa jikin ba tsaye yake wuri ɗaya ba. Wanda ya jima bai sha ruwa ba jininsa kan yi kauri, wasu lambobin su ɗan hau. Wanda ya yi motsa jiki mai tsanani kwana ɗaya ko biyu kafin gwaji, AST ɗinsa, wani ma'aunin lafiyar hanta, na iya tashi, don ba a hanta kaɗai ake samun sa ba, har da tsoka. Mura ko zazzaɓin makon jiya na iya barin sawunsa a fararen ƙwayoyin jini. Wasu sinadaran ma lokacin ɗiba ne ke canza su, na safe daban na yamma daban. Sai kuma abin da mutane ke haɗiya ba su ɗauke shi magani ba: a 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa bayotin, bitamin ɗin da ake sha don gashi da farce, yana iya rikita wasu gwaje-gwaje in an sha da yawa, har da gwajin da ake gano ciwon zuciya da shi. Wanda bai faɗa ba, likita ba zai yi duba ya sani ba.

Akwai kuma waɗanda a wajen layin aka haife su. Kimanin mutum 1 cikin 20 yana da wani yanayi na gado da likitocin Faransa Gilbert da Lereboullet suka bayyana a 1901, inda bilirubin, sinadarin da ke rina ido a ciwon shawara, yake ɗan hawa, musamman in mutum ya jima bai ci abinci ba ko ba ya jin daɗi. Hantar lafiya lau, ba magani, ba komai, amma duk sanda aka yi gwaji sai alamar ta fito.

Misalin da ya fi ci mini rai shi ne na fararen ƙwayoyin jini. Mutane da yawa da asalinsu Afirka ne, musamman yammacinta, ba su da wani sinadari mai suna Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu, gadon da ke ba su kariya daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro da ake kira vivax. Tare da wannan gado, adadin nutirofil, rukunin fararen ƙwayoyin da ke yaƙar ƙwayoyin cuta, yakan yi ƙasa da na Turawa a gwaji, ba tare da sun fi kowa kamuwa da cuta ba. Su kuwa lambobin ƙa'ida da yawa daga jinin Turawa aka samo su. Sakamakon haka an yi ta ce wa masu lafiya garkuwar jikinsu ta yi rauni, an huda ƙashin wasu don gwajin ɓargo, an dakatar wa wasu maganin da suke buƙata. Ƙa'idar aikin ta ce ɗakin gwaji ya fitar da iyakokinsa daga jinin aƙalla mutum 120 masu lafiya cikin al'ummar da yake yi wa aiki, ko kuma ya tabbatar waɗanda ya aro sun dace da ita. Da yawa kwafo abin da kamfanin inji ya rubuta kawai suke yi. Wannan ba ƙaramin sakaci ba ne, kuma mai riƙe da takardar ba shi da hanyar da zai gane.

Kiriyatinin, wanda ake auna ƙoda da shi, daga tsoka yake fitowa, don haka ƙaƙƙarfan matashi zai iya haura layi da ƙodarsa garau. Mai juna biyu jininta kan tsinke saboda ruwansa ya ƙaru, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mata iyakar himogulobin, sinadarin da ake auna ƙarancin jini da shi, a kan 11 (10.5 a watanni uku na tsakiyar cikin), ta sa wa sauran mata 12, maza 13. Yaron da ke girma ALP ɗinsa, wani sinadarin da ke fitowa daga hanta da ƙashi, a sama yake saboda ƙashi na tsawo. In aka buga wa duk waɗannan iyakar babban namiji, kowa ya zama majinyaci.

Wasu layukan ma ba daga lissafin kashi 95 suka fito ba, kwamiti ne ya zauna ya ja su bisa hatsarin da ake hange a gaba. A 1997 ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka ta sauko da layin ciwon, a gwajin safe kafin a ci komai, daga 140 zuwa 126 mg/dL. A 2003 ta sauko da layin waɗanda ke dab da kamuwa daga 110 zuwa 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi 126 amma ta tsaya a kan 110. Ke nan mai 105, a wajen waɗancan ya shiga sahun masu hatsari, a wajen waɗannan bai shiga ba, jinin kuma ɗaya ne. Ba ina cewa layukan banza ba ne; akwai hujja a bayan kowanne. Amma hatsari a hankali yake hawa, mai 99 da mai 101 kusan abu ɗaya ne, sai dai ɗaya takardarsa ta yi ja.

Wanda ya biyo ni zuwa nan zai zaci cewa zan yi kowa ya kwantar da hankalinsa ya jefa takarda a aljihu. A nan ne kuma nake rabuwa da likitoci da yawa. "Ba komai" ita ce amsar da aka fi ba mai ƙaramar lamba, kuma sau da yawa gaskiya ce, amma amsa ce mai rufe ƙofa. Wasu daga cikin cututtukan da suka fi kashe mutane a ɓoye da irin wannan ƙaramar lambar suke fara sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B mai daɗewa a 2022, mafi yawansu ba su sani ba, kuma a wajen wasunsu ɗan hawan ALT ne kaɗai alamar da za ta bayyana shekaru kafin hantar ta gaza. Kitse a hanta, wanda ke tafiya da ƙiba da suga, haka yake zuwa shiru. Namiji mai shekara 55 da himogulobin ɗinsa ya sauka 12.4 saboda ƙarancin sinadarin ayon, ko macen da ta daina al'ada, ba ƙwayar ƙarin jini kawai suke buƙata ba. Sai an tambayi ina jinin ke tafiya, don wani lokaci hanji ne ke tsiyaya a ɓoye. Kalsiyam da ya ɗan hau ya ƙi sauka shi ma yana da dalilin da ake nema.

Har ma lambar da ke cikin layi na iya yaudara. Tsohuwar da kiriyatinin ɗinta ya tashi daga 0.6 zuwa 1.1 cikin shekara biyu, a wasu takardun ba za a sa mata alama ko ɗaya ba, alhali ƙodarta ta yi asarar aiki mai yawa. Wanda ya ajiye tsohuwar takarda ne kawai zai gani.

Don haka abin da ke raba ƙaramar lamba mai ma'ana da marar ma'ana ba ya cikin takardar ranar. Ana duba nisan da ta yi da layi, don ALT da ya haura kaɗan da wanda ya ninka iyaka sau 10 ba zance ɗaya ba ne. Ana duba ko ita kaɗai ta fita ko da 'yan uwanta, ko mutumin na da alamun ciwo, da kuma abin da ta kasance a baya. Fiye da komai, ana jiran lokaci. Ba a cewa mutum na da ciwon ƙoda mai daɗewa sai raunin ya wuce wata 3. Wanda ba shi da alamun ciwon suga ba a ɗora masa sunan da gwaji ɗaya. TSH, gwajin tayirod, wannan gaɓa ta wuya da in ta kumbura ake cewa maƙoƙo, in ya ɗan hau akan sake shi bayan wata 2 ko 3, kuma a wajen mutane da yawa sai a tarar ya koma da kansa. Matsalar ita ce sake gwajin shi ne matakin da ya fi faɗuwa ƙasa. Likita ya ce ba komai, majinyaci ya ji daɗi ya tafi, ba wanda ya rubuta ranar dawowa.

Abin da nake nema daga likita bai wuce jimla uku ko huɗu ba. Malam, wannan lambar ta haura kaɗan. Abin da na fi zato shi ne kaza. Za mu sake ta ran kaza, in tana nan za mu duba kaza, in kuma ka ga kaza kafin lokacin ka dawo. Za a ce likita ba shi da lokaci, layi ya yi tsawo, kuma gaskiya ne. Amma wanda aka sallama da "ba komai" bai gamsu ba zai je wajen likita na biyu da na uku, a sake masa gwajin daga farko, lokacin da aka yi tattali ya tafi ninki. Shi ma ɗakin gwaji zai iya buga layi biyu a ƙasan kowace takarda, da harshen da mutane ke ji, cewa mutum 1 cikin 20 mai lafiya kan fita daga waɗannan iyakoki, kuma a nuna wa likita kafin a sha wani magani. Tawada kawai zai ci.

Inda bayani ya yi ƙaranci, masu sayarwa ne ke cike gurbin. Akwai masu tallar gwajin "duba jiki gaba ɗaya", abu 50 ko 60 a zama ɗaya, ga mutumin da ba abin da ke damunsa. Da lissafin da muka yi a sama, kusan tabbas ne wani abu zai fito ja, daga nan sai hoto, sai wani gwajin, wani lokaci har a kai ga huda jiki. Masu bitar bincike na Cochrane, wata cibiyar ƙasa da ƙasa da ke tantance binciken lafiya, sun tattara nazarce-nazarcen da suka ƙunshi mutum sama da 250,000, suka sabunta bitar a 2019, ba su ga cewa irin wannan duba na gama-gari ga manya marasa alamun ciwo ya rage mace-mace ba. Wannan bai shafi gwajin da aka zaɓa da dalili ba. Awon hawan jini, suga ga mai ƙiba ko mai gadonsa, ciwon hanta nau'in B da C, ƙanjamau, waɗannan suna ceton rai. Bambancin shi ne akwai tambayar da ake son amsawa kafin a soka allura.

Sai masu maganin "wanke hanta" da "tace jini". Su wata ƙa'idar lissafi ce ke yi musu talla kyauta, wadda masanin Birtaniya Francis Galton ya bayyana tun ƙarni na 19: awon da ya yi nisa da tsakiya a karon farko, in aka sake shi yakan matso kusa, ko an yi wani abu ko ba a yi ba. Mutum ya ga 58, ya sha kwalba biyu, ya sake gwaji ya ga 41, ya rantse maganin ne. Da bai sha komai ba, wataƙila 41 ɗin zai gani. Abin takaicin shi ne wasu daga cikin irin waɗannan haɗe-haɗe da ƙwayoyin ƙarin kuzari su kansu suna cikin sanannun abubuwan da ke yi wa hanta lahani.

Ban manta da wanda tsoron ya riga ya kama ba, wanda bayani ɗaya ba ya isar sa. Yakan sake gwaji duk bayan mako biyu, ya samu natsuwar kwana uku, sai wata lambar dabam ta fito ja, a koma farko. Ga irin wannan, ƙarin gwaji shi ne abin da ke ciyar da damuwar. Ba raki ba ne kuma ba rashin tawakkali ba. Fargabar ciwo matsala ce da likitoci suka sani, ana kuma samun sauƙinta ta hanyar zama da ƙwararre a fannin tunani. Abin da ke taimaka masa shi ne likita ɗaya da ya san shi, da yarjejeniya a kan ranar da za a sake gwaji, ba kafin nan ba. Yi masa dariya ba ya warkar da shi, haka ma biye masa.

Jira yana da iyaka. Ido ya yi ɗorawa, rama ba dalili, baƙin bayan gida ko mai jini, zubar jini da ba ya tsayawa, kumburin ƙafa ko fuska, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, zazzaɓin da ya ƙi tafiya: wanda ke da ɗaya daga cikin waɗannan ya je asibiti, ko da takardarsa ba ja ko ɗaya. Haka in ɗakin gwaji da kansa ya kira waya ya ce a zo yanzu, don akwai lambobin da aka ware da ba a kwana da su.

Wanda kuwa aka ce ya dawo bayan wata 2 ko 3, ya koma ɗakin gwajin da ya fara zuwa in da hali, a irin lokacin da aka ɗiba da farko. Injuna sun bambanta, iyakokinsu ma haka, har ma'aunin kan canza: sugan da wani wuri ya rubuta 126 mg/dL, wani wurin 7.0 mmol/L zai rubuta, abu ɗaya ne an raba da 18. Ya tafi da tsohuwar takardar, da sunan duk abin da yake sha, na asibiti da wanda ba na asibiti ba. In likita ya ce ba komai, ya tambaye shi ko akwai buƙatar a sake, kuma yaushe, ya sa a rubuta masa ranar a jikin takardar.